Yoyon Mai A Tsohuwar Mota Mai Shan Gas

Daga Malamin Gona

Ga kaka ta gabato, lokacin da kowace tsohuwar mota ta ƙauye ke komawa bakin aiki, daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa. Saboda haka wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan wata cuta da ke damun motocin nan masu shan man gas, wanda waɗansu ke kira dizal, mutanen Nijar kuma su ce gazuwal. Wani zai ce, ina ruwan malamin gona da mota? To, a makarantar aikin gona an koya mana sha'anin tarakta da injin ban-ruwa. Inji mai shan gas kuwa, ko a mota ya ke, ko a tarakta, ko a gidan niƙa, hanyar mansa kusan ɗaya ce.

Abin da ya jawo maganar shi ne, a gundumar da na ke aiki akwai wani Alhaji mai fataucin wake da barkono, yana da tsohuwar Marsandi 240D wadda ta girmi babban ɗansa. Bara da kaka, kowace safiya sai an tara yara sun tura ta kafin ta tashi. In ta tashi kuma ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, sai an jima sa'an nan ta daidaita. In da kaya ta fuskanci hawa, sai ta riƙa shaƙewa, direba na taka totur har ƙasa, ita kuwa tana ja da ƙyar. Ya sayi sabon batir, ba ta sake zane ba. Wani makanike ya ce masa ai babban famfo ne ya gaji, sai an kwance shi an kai birni wurin masu saiti, ya faɗi kuɗin da ya kai na buhun wake uku ko huɗu. Ran wata kasuwa Alhaji ya roƙe ni in duba masa kafin ya biya. Ban taɓa famfo ba. Abin da muka samu wani guntun tiyo ne da bai fi taƙi ɗaya ba, tsakanin bututun da ya taho daga tanki da ƙaramar filta, ya bushe ya tsattsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ko ɗigo ɗaya ba ya zubarwa. Muka sake shi, muka fid da iska, gari na wayewa mota ta tashi da kanta tun murɗa makulli na farko.

Ba na ce kullum haka abin ke zuwa da sauƙi ba. Amma ina so masu motoci su gane abu guda: yoyon mai iri biyu ne. Akwai wanda a ke gani, mai na ɗiga a ƙasa, wannan aljihu ya ke ci. Akwai kuma wanda ba a gani, inda maimakon mai ya fita iska ce ke shiga, wannan shi ke kashe ƙarfin mota. Galibi na biyun ne ke sa a kashe kuɗi a banza wurin abin da lafiyarsa lau.

Don a fahimci dalili, sai mu duba yadda injin ke aiki. Motar fetur tana da fulogi mai ba da tartsatsin wuta. Ta gas ba ta da shi. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago injin, wanda ya fara aiki sosai a 1897, dabararsa kuwa ita ce a matse iska tsantsa har ta yi zafi. A injin Marsandin nan fistan yana matse iska ta koma wajen kashi 1 cikin 21 na girmanta, zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci sai nozul ya feso mai a ciki, mai ya kama da wuta da kansa. Duk manomin da ya taɓa goya famfon feshin magani ya san nozul: in ka buga famfo sosai ruwa ya fita kamar hazo, in matsi ya yi rauni sai ya riƙa tsiyaya. To, haka na mota ya ke, sai dai shi ba ya ma buɗewa sai matsin ya kai kamar a ɗora nauyin kilo 115 a kan wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa. Watau ya fi buhun masara nauyi, ya kuma ninka iskar da ke cikin tayar motar fiye da sau 50. Babban famfo ne ke ba da wannan matsi. Kamfanin Bosch ya soma ƙera irinsa da yawa tun 1927, a 1936 kuma Marsandi ta fitar da ƙaramar mota mai shan gas, 260D.

Man da a ke fesawa kowane bugu kaɗan ne ƙwarai, bai wuce ɗigo guda ba ko da mota na jan kaya. In inji na juyawa sau 2,400 a minti, kowane nozul yana feshi sau 20 a daƙiƙa guda. To, ga inda iska ke ɓarna. Mai ba ya matsuwa, in famfo ya tura shi nan take ya ke bugun nozul ya buɗe. Iska kuwa tana matsuwa. Ku gwada da sirinjin allura: cika shi da ruwa, toshe baki da yatsa, danna, ba zai motsa ba. Cika shi da iska, zai shige kamar katifa. Saboda haka in kumfa mai girman ƙwayar dawa ta shiga bututu, famfo zai yi ta matsa ta tana lotsawa, nozul ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe a makare da rabin mai. Silindar da ba ta sami rabonta ba ta yi fashin bugu. Karkarwar nan da ku ke ji ke nan, da rashin ƙarfi a hawa, wani lokaci har da farin hayaƙi mai yaji a ido.

Ta ina iskar ke shiga? Masu noman fadama sun riga kowa sanin amsa. In tiyon da ke zuƙo ruwa daga rijiya ya sami 'yar ƙaramar huda sama da ruwa, ba za ka ga ruwa na fita ta nan ba, sai dai inji ya yi ta kuka, ruwa na zuwa da tsartuwa, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Amma in tiyon da ke kai ruwa gona ne ya huje, sai ka ga tsiri yana tashi sama. Haka hanyar mai ta ke a mota. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo mai ɗauko mai, zuƙa a ke yi, huda a nan iska ta ke sha. Daga ƙaramin famfo zuwa babbar filta da babban famfo, turawa a ke yi a hankali, huda a nan jiƙewa ta ke yi. Daga babban famfo zuwa nozul akwai bututan ƙarfe masu ɗauke da matsin nan mai tsanani. Sa'an nan akwai hanyar komawa, waɗansu siraran tiyo masu saƙar zare a baya, da ke tsallakawa daga wannan nozul zuwa wancan, suna tattara rarar mai su mai da shi tanki. A tsohuwar Hilux da ire-irenta babu ƙaramin famfo dabam, babban ne ke zuƙo mai da kansa, saboda haka tun daga tanki har filta duk wurin shan iska ne.

Akwai wani abu kuma da ke faruwa da dare. Tanki yana ƙasa, inji yana sama. Muddin hanya a toshe ta ke ruf, mai zai tsaya a cikinta har safiya, kamar yadda yaro ke tsoma kara mai rami a ruwa ya toshe samansa da yatsa, ruwan ya ƙi zuba. Ya ɗaga yatsa, ruwa ya sulale. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yar tsaga ɗaya a sama ta isa ta sa mai ya koma tanki kafin asuba, da safe ka yi ta murɗa makulli, inji na juyawa a bushe har batir ya mutu. Batirin Alhaji na farko ba shi da laifin kome.

Ba abin mamaki ba ne robobin nan su gaji. Marsandi 240D da 300D masu irin wannan jiki an ƙera su daga 1976 zuwa 1985, watau ƙaramarsu ta kai shekara 40 ko ta kusa. Ƙarfen injin yana iya kai wannan shekaru, roba ba ta iyawa, balle da zafin ƙasarmu da ƙura. Irin man ma yana da hannu. A Amurka, da aka rage farar wutar da ke cikin man gas a 1993, aka kuma ƙara ragewa a 2006, tsofaffin robobin motoci da yawa sun tsuke sun soma yoyo, don sun saba da tsohon man da ke sa su kumbura. Saboda haka in mota ta fara jiƙewa bayan an sauya wurin shan mai, kada a yi saurin cewa sammu ne.

Kafin mu shiga gyara, bari mu yi wa yoyon da a ke gani lissafi, don na lura masu motoci sun raina shi. A ce wuri ɗaya na ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa sa'ad da inji ke aiki. A ƙaddara ɗigo 25 ke yin mililita guda. A awa ɗaya an zubar da mililita 144, a aikin awa 8 an wuce lita guda, a kwana 26 na aiki an tasam ma lita 30, watau jarka guda da rabi. A cikin 2022 kaɗai kuɗin litar gas a Nijeriya ya ninka fiye da sau biyu, kafin ƙarshen 2023 kuma ya haura naira 1,000. Kowa ya lissafa da farashin garinsu. Wanda ke shakka ya ɗaura 'yar kwalba a ƙarƙashin wurin, ya je kasuwa ya komo ya duba. Ban da asarar man, gas yana cin roba. In ya daɗe yana zuba a kan robar da inji ke zaune a kai, ko tiyon lagireto, ko fambel, sai su yi laushi su kumbura. A motocin da bel ke juya famfo, kamar Hilux ɗin nan, in gas ya jiƙa bel ɗin har ya tsinke, ɓarnar tana iya kaiwa cikin inji.

To, yaya za a gane? Gwaji na farko ba ya cin ko kwabo. Kusan kowane tsohon inji yana da ɗan famfon hannu, ko a jikin ƙaramin famfo, ko a kan filta. Da safe, kafin ka taɓa makulli, buga shi. In ka ji shi sakwaf, sai ka buga sau da yawa sa'an nan ya yi tauri, bayan haka kuma mota ta tashi nan da nan, to, mai ya koma tanki da dare, iska na shiga. In kuwa tun bugun farko da taurinsa, amma mota ta ƙi tashi, tana fid da farin hayaƙi ta salansa sa'ad da a ke juya ta, musamman da sanyin hunturu, to, mai na zuwa, sai a duba hita, watau ƙusoshin nan da ke ɗumama silinda kafin tashi. Mutane da yawa suna rikita waɗannan biyu. Wata alama kuma: motar da ta tashi ta yi 'yan daƙiƙu ta mutu, sa'an nan ta ƙi tashi, ta ƙone ɗan man da ya kwana a famfo ne, iska ta biyo baya. Haka nan in ka kwana da ita kanta na kallon gangare ta tashi lafiya, in kanta na kallon tudu ta ƙi, magana ɗaya ce.

Gwaji na biyu, a sami guntun tiyo garai-garai wanda a ke ganin cikinsa, a sa shi na ɗan lokaci kafin babban famfo, a ta da inji a duba. Mai mai lafiya yana wucewa sumul. In ka ga kumfa na bin juna kamar carbi, musamman in an taka totur, iska ce. Sai ka riƙa matsar da tiyon baya, gaɓa gaɓa, wajen tanki. Inda kumfa ta ɓace, hudar tana tsakanin nan da inda ka baro. Marsandi ta sauƙaƙa wannan, don ƙaramar filtarta garai ce, akwai kuma bututan roba masu haske wajen babbar filta, sai dai tsufa kan mai da su ja har ba a ganin kome. 'Yar iska da ke tsaye wuri ɗaya a saman ƙaramar filta ba laifi ba ce, wadda ke tafiya ita ce abin nema.

In har yanzu da shakka, ɗauki jarka mai tsabta da tataccen mai, tsoma tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa famfo, ka bar tanki da bututansa a gefe. In inji ya warke, laifin yana baya. Amma fa a lura, ba kullum huda ba ce. A cikin tanki akwai 'yar raga mai tace mai, in datti ya toshe ta, ko ƙofar iskar tanki ta toshe, famfo zai yi ta zuƙa da ƙarfi har ya ja iska ta wurin da a da ba ta shiga. In ka buɗe murfin tanki bayan tafiya ka ji ya ja numfashi, fuu, duba nan. Masu shan mai a bakin hanya daga jarka, wanda ba a tace ba, su wannan ya fi samu.

Shi kuwa yoyon da ke jiƙa inji, wahalarsa ita ce gas yana yaɗuwa, ƙura ta manne, ko'ina ya yi baƙi, ba ka san mafari ba. Wanke inji da sabulu in ya huce, bar shi ya bushe sarai, sa'an nan ka barbaɗa garin alli ko toka mai laushi a kan gaɓoɓin. Ta da inji minti 10. Inda garin ya fara yin duhu, nan ne. Kullum ka nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe, don mai gangarowa ya ke yi, ba ya hawa. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, a kuma bi bututan ƙarfen da ke ƙarƙashinta da fitila, musamman inda maƙalai suka riƙe su, don nan laka ke taruwa tsatsa ta ci. Motocin da aka shigo da su daga Turai sun fi wannan ciwo, saboda gishirin da a ke zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara.

Yanzu gyara. A ganina duk wanda ya sayi tsohuwar motar gas, aikinsa na farko shi ne ya sake siraran tiyon nan na komawa gaba ɗaya, ko sun jiƙe ko ba su jiƙe ba. Mita ɗaya ya ishi inji, kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. A Marsandi ramin cikinsa wajen milimita 3 ne, a tafi da tsohon kasuwa a gwada. Kada ka fizge tsohon da filaya. Tsaga shi a tsaye da reza a hankali, ka kiyaye kada ka karce ɗan hancin ƙarfen da ya ke zaune a kai, don in ya karce sabon ma zai yi yoyo. Yanka kowane guntu da ɗan rara yadda zai yi baka, kada ya miƙe tsam, gama inji na girgiza. Nozul na ƙarshe yana da 'yar hular toshiya, ita ma roba ce, ita a kan manta.

Manyan tiyo kuma a sayi na mai na ainihi. Akan rubuta a jikinsa cewa na mai ne, sau da yawa da alamar SAE J30. Tiyon ruwa, da wanda magina ke awon gini da shi, gas yana busar da su ko ya narkar da su cikin 'yan watanni, ɓarɓashinsu kuma ya tafi filta. Araha ba ta ado. Na sha ganin an naɗe huda da tsinken robar tayar keke an ɗaure tam, wani ma har da sabulu. Wannan dabarar daji ce, ta kai ka gida, ba ta kai ka kaka ba, don robar taya kumbura ta ke yi ta saki in ta sha gas. Kilif kuma a sa daidai girman tiyo. Wanda ya yi girma, in an ɗaure shi ba ya zama da'ira, sai ya bar 'yar kafa a gefe. Waya ba kilif ba ce, yanka roba ta ke yi.

Inda bututu ke haɗuwa da filta ko famfo da ƙusa mai rami, akwai washa biyu ta jan ƙarfe ko ta alminiyam, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Aikinsu su lotsa sau ɗaya su toshe. In an kwance, a sa sababbi. In babu, ta jan ƙarfe ana iya gasa ta a wuta har ta yi ja, a bar ta ta huce, za ta yi laushi ta sake aiki. Abin da ba a so shi ne a ga yoyo a ƙara ɗaurewa da ƙarfin tsiya. Kan filta na alminiyam ne, zaren cikinsa ba ya jimrewa, in ya tsinke an koma neman wani a wurin 'yan gwangwan. Wajen sake filta kuma, shafa wa sabuwar robar ɗan mai, ka tabbata tsohuwar ta fito, don in ta manne aka ɗora sabuwa a kanta, iska ta sami ƙofa. Shi kansa famfon hannu yana tsufa. Irin na dā na Marsandi, mai farin kai wanda a ke murɗewa kafin a buga, in ka ga mai na fitowa ta wuyansa sa'ad da ka ke bugawa, to, ta nan ma iska ke shiga, sai a sake shi.

Bututan ƙarfe na nozul su ne wurin da na ke roƙon kowa ya yi hankali. In inji na aiki, kada ka kuskura ka shafa su da hannu kana neman yoyo. Man da ke fita ta 'yar tsaga da wannan matsi yana huda fata kamar allura. Ciwon ba ya nuna girma, ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro, amma man ya riga ya shiga cikin nama, yana iya kai mutum ga rasa yatsa ko hannu. Wanda wannan ya sama ya tafi asibiti nan take, ya gaya wa likita man gas ne mai matsi ya shige shi, kada ya jira kumburi. A nemi yoyon da guntun kwali, fuska kuma nesa. In ta wurin noti ne ya ke jiƙewa, kashe inji, sassauta shi, daidaita bakin bututun, ka ɗaura da hannu tukuna sa'an nan sifana, ba da ƙarfi ainun ba. In bututun ne ya tsage, kada a kai shi wurin mai walda. Ba ya riƙewa, ƙurar walda kuma in ta shiga ciki ta kashe nozul. A nemo wani irinsa daidai, gama an auna tsawonsu da raminsu don mai ya isa kowace silinda a kan kari. Maƙalan nan kuma da ke haɗa bututan biyu biyu, waɗanda yaran makanikai ke jefarwa don suna ba su wahala, a mai da su. Su ke hana girgizar da ke tsaga ƙarfen.

In yoyon daga jikin babban famfo ne, ko ta sandar totur, ko ta murfinsa, ko ta gindin inda bututan ƙarfe ke fitowa, a nan aikinka ya ƙare, sai masu saiti. Amma ka gaya musu robobi ka zo sakewa, ka kuma tsaya a wanke bayan famfon kafin a buɗe. Ƙwayar yashi guda ta isa ta lalata abin da ke ciki.

Akwai wani yoyo na ɓoye da ya fi duka haɗari, wanda masu tarakta da tsohuwar Landiroba ya kamata su sani. Ƙaramin famfonsu yana da wani faifan roba a ciki. In ya huje, gas ba ya zuba a ƙasa, cikin baƙin mai ya ke gangarawa. Robar gaban babban famfo ma a waɗansu injuna haka ta ke yi. Alamarsa, ka zaro sandar awon baƙin mai ka ga yana ƙaruwa maimakon raguwa, ya tsinke kamar ruwa, yana warin gas. Wani ya gan shi ya yi murna wai motarsa ba ta shan baƙin mai. Kada a ta da inji sai an gyara an kuma juye man, in ba haka ba ƙarafan ciki za su ci juna, wani lokaci ma inji ya riƙa shan man nan da kansa ya yi ta gudu, a zare makulli ya ƙi mutuwa.

Bayan kowane gyara sai a fid da iska. Sassauta 'yar ƙusar da ke saman filta, buga famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, ɗaure ta kana cikin bugawa. In babban famfo na da tasa ƙusar, yi mata haka. In inji ya ƙi tashi, sassauta notin bututu biyu a wajen nozul, rufa musu tsumma, a juya inji har mai ya tsarto, a ɗaure. Kada a juya fiye da daƙiƙa 15 a jere, a bar sitata ta huta minti guda tsakani. Ban yarda da al'adar nan ta kanga tsumma mai fetur ko fesa maganin sauro a bakin shan iska ba. A inji mai hita abin yana iya fashewa tun fistan bai kai sama ba, ya karya zobba, ya ƙone mai riƙe da tsumman.

Kada kuma wani ya ce Malamin Gona ya yi alkawarin tsohuwa za ta koma budurwa. Toshe yoyo yana mai do da ƙarfin da iska ta sace ne kawai. In bayan an gama mota na fid da shuɗin hayaƙi, ko in an buɗe murfin baƙin mai hayaƙi na bugowa da ƙarfi, zobban fistan ne suka ci, wannan wani aiki ne dabam. In baƙin hayaƙi ne, fara da filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, kafin ka zargi nozul. Duk bayanin nan kuwa na tsofaffin injuna ne masu famfon ƙarfe zalla. Sababbin da suka soma fitowa wajen 1997, waɗanda kwamfuta ke sarrafa feshinsu, matsinsu ya ninka na waɗannan fiye da sau 10, ba a sassauta musu noti inji na juyawa ko kaɗan.

Mai shirin jigilar kaka ya ajiye waɗannan a akwatin mota: mita guda na siririn tiyo, rabin mita na babba, kilif huɗu, washa 'yan kaɗan, filta sabuwa, da sifana mai lamba 17, wadda ita ce ta notin bututun nozul a yawancin waɗannan motoci. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ajiyar wake da maganin ƙwarin da ke huda shi.